Mangwaro Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Asabar, 5 ga Yuli, bayan La'asar

Ni lafiyata ƙalau, sai ƙugu da ke ɗan taɓa ni. 'Yata Nafisat lafiya lau, tana karatun jarrabawa. Ƙanwarta Zahra'u na tari, na ba ta zuma da citta. Malam yana samun sauƙi.

Malama Sa'adiya ta makarantarmu ta manya ce ta ce kowacce ta nemi littafi ta riƙa rubuta abin da ya same ta, don hannu ya saba. Na ce ban san ta inda zan fara ba. Ta ce, "Safara'u, fara kamar wasiƙa, ki faɗi lafiyar gida." To, ga shi na faɗa. Shekarata arba'in da ɗaya, bara waccan na fara riƙe biro.

Yau 'yan Ƙungiyar Inuwar Unguwa sun shigo layinmu na Rafin Guza da baro biyu cike da dashe. Kowane gida itacen marmari ɗaya, mangwaro ko gwaiba ko lemo, sai kuma lalle ko aguwa na shinge, don ruwan sama ya daina cinye bayan gidaje. Duka kyauta. Amma shugabarsu Hajiya Uwani ta ce sai an cike takarda.

Da a da ne sai in dangwala yatsa. Yau na ce a ba ni biro. Inda aka ce sunan mai gida na rubuta sunan Malam. Shekara goma sha tara bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, yau hannuna ya kira. A ƙasa akwai akwati biyu: gidan kanku ne, ko na haya ne. Mu ba mu taɓa zaman haya ba. Sai na sa alama a na farko.

Na zaɓi mangwaro. An ɗaura masa 'yar lamba ta roba, arba'in da bakwai. Na dasa shi a tsakar gida, daidai inda Malam zai riƙa ganinsa daga kujerarsa. Lalle goma sha biyu kuma na jera a baya, inda katanga ta zube. Tun watan azumi da abin ya same shi a shagonsa na kafinta a Kawo, hannun dama da ƙafar dama suka ƙi motsi, magana kuma kalma ɗaya ta rage masa. Ina haƙa rami yana ta faɗinta: "To. To. To." Na ce masa, "Ka ga, nan da shekara huɗu a inuwarsa za ka zauna."

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

Sagir ya zo duba Baffansa. Ɗan Alhaji Hassan ne, yayan Malam da ya rasu bara waccan. Aikin gwamnati yake, yana zaune a Unguwar Sarki. Ya kawo kankana. Ashe shi ne sakataren ƙungiyar, duk takardun da aka cike suna hannunsa. Babu wanda ya gaya mini.

Ya ce, "Inna, wa ya cike muku takarda? Nafisat?"

Na ce ni na cike.

"Iye! Ashe Inna an zama malama. Wallahi rubutun ya fi nawa kyau."

Ya yi dariya, na yi. Sai ya tsaya a kan mangwaron, ya juya lambar da ɗan yatsa, ya ce, "A tsakar gida kuka sa shi." Ba tambaya ya yi ba. Faɗi ya yi.

Me ya sa ya faɗa?

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Tarin Zahra'u ya yi sauƙi. Malam yana samun sauƙi. Ba a yi ruwa ba, na ba mangwaro buta biyu.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan Azahar

Ina suyar awara a ƙofar gida sai ga maƙwabciyata Maman Anas. Ita ta ƙi karɓar dashe.

Ta ce, "Ni? In ba da sunana a liƙa wa gidana lamba? Ai da lamba ake farawa, daga baya jan fentin rusau ya biyo."

Na ce mata babu hannun gwamnati a ciki, mutanen unguwa ne suka haɗa.

"Maman Nafisat, kin taɓa ganin an ba mutum abu kyauta, kuma an ce za a dawo a duba lafiyar abin? Ko ɗiya ce aka aurar sai haka." Ta ɗauki awara ɗaya ta hura. "Ke dai kina da ƙarfin hali. Gidan da aka ce muku ku zauna, har kin kafa itace."

Na yi kamar mai ya fantsar mini, na shige ciki.

Na manta ne. Wallahi mantawa na yi. A garinmu, can wajen Soba, Baba ya yi shekara talatin yana noman gonar aro. Dawa, gyaɗa, wake, duk ya shuka, amma bai taɓa dasa itace ko ɗaya ba. Ɗorawa ma da ta fito da kanta sai da ya taka ya je ya sanar da mai gonar. A wurinmu duk wanda ya dasa itace a ƙasa, kamar ya ce ƙasar tasa ce.

Gidan nan Alhaji Hassan ne ya gina. Ina amarya ya kira Malam soro ya miƙa masa makulli. Daga ɗaki na jiyo kalma biyu: "Ku zauna." Babbar yayarsu Harira ta Zariya tana wurin. Sauran maganar ban ji ba. Ban taɓa tambaya ba, don Malam na nan, bakinsa na nan.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan La'asar

Talata da Alhamis nake zuwa makaranta, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Nafisat tana wurin darasin jarrabawa a lokacin, Zahra'u tana gidan ƙanwata. Janyo ƙofa kawai nake yi, don ko wani ya zo duba Malam.

Na dawo na tarar an tuge mangwaro. An kwantar da shi a gindin randa, saiwarsa a waje.

Ba akuya ba ce. Ko ganye ɗaya ba a gutsura ba.

Na ce, "Malam, wa ya shigo?" Ya ce to. Na ce, "Sagir ne?" Ya ce to. Na ce, "Maman Anas ce?" Ya ce to.

Na mayar da shi rami.

Juma'a, 11 ga Yuli, da hantsi

Lalle tara sun kama, uku sun bushe. Malam yana samun sauƙi.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan Azahar

Sagir ya dawo da wani mutum mai hular kwano da igiyar awo. Suka zagaya baya suna ja, mutumin na faɗin lambobi, Sagir na rubutawa. Na fito da mayafi a baibai.

Na ce, "Lafiya ake auna mu?"

"Lafiya lau, Inna. Tsawon shinge muke dubawa, mu san dashe nawa za a ƙaro. Duk layin za mu bi."

"Na ga daga nan kuka fara."

"Ai gida ne. A ina zan fara in ba gida ba?"

Gida. Gidan wa yake nufi? Na leƙa bayan sun fita, na ga sun shiga gida uku a layin. Ko don in gani ne suka shiga, ban sani ba.

Ban gaya masa an tuge itacen ba. Na zuba ido in ga ko zai kalli wurin. Ya kalla.

Litinin, 14 ga Yuli, da yamma

Na je gidan Hajiya Uwani. Na same ta a cikin dashenta, hannu duk taɓo. Ta ɗauka wani itacen na zo roƙo.

Na ce, "Hajiya, in mutum ya yi kuskure a takarda, ana gyarawa?"

"Wane kuskure? Taki ce ma muka riƙa nuna wa mutane, saboda tsabta."

Na ce akwatin nan biyu ne. Idan gida ba na haya ba ne, kuma mutum bai tabbata nasa ba ne fa?

Ta yi dariya har da tafi. "Safara'u, takardar itace ce, ba ta gida ba! Mun tambaya ne don kada ɗan haya ya dasa, mai gida ya zo ya sare. Ranar Asabar biyu ga Agusta za mu zagayo. Duk gidan da itacensa ke raye, sai mu ba shi kati da sunan mai gida a jiki, ya rataya. Shi kenan."

Kati da sunan mai gida. Da hatimi, na tambaya, ta ce da hatimi.

Na ce a ba ni takardata in sake dubawa. Ta ce, "Tana wurin ɗanku Sagir, ki same shi mana."

Ita ina ganin zuciyarta ɗaya. Ina gani.

Talata, 15 ga Yuli, bayan La'asar

An sake tuge shi. Gindin randa, kamar wancan karon.

Na zauna a bakin rami da littattafaina a hannu, na kasa tashi. Nafisat ta shigo ta ce, "Umma, me ya faru?" Na ce iska ce. Ta kalli shanya, ko zani ɗaya bai motsa ba.

Yarinyar nan tana so ta karanci aikin jinya. Zahra'u aji huɗu take. Idan aka ce mu tashi, ina zan kai su? Ina zan kai mutum da kujerarsa? Ɗakin ƙanwata ɗaya ne, su bakwai.

Babu wanda ya ce mu tashi. Na rubuta don in gani da idona: babu wanda ya ce mu tashi.

Na mayar da shi rami. Ganyensa biyu sun yi yaushi.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe ɗaya da rabi

Na tankaɗe toka na barbaɗa kewaye da mangwaro, har zuwa bakin soro. Malam na gyangyaɗi. Duk wanda ya shigo yau zai bar mini sawunsa. Takalmin Sagir na sani, mai tsini ne. Silifas ɗin Maman Anas ɗaya ya cinye ta dunduniya.

Alhamis ɗin dai, bayan La'asar

An sake tuge shi. Ta bakin soro babu sawun kowa.

Na mayar da shi rami, na share tokar kafin yara su dawo.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Malam yana samun sauƙi. Yau gaskiya na rubuta, kuma ban ji daɗinta ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Azahar

Na yi masa wanka, na yanke masa farce. Akwai ƙasa a ƙarƙashin na hannun hagu.

Talata, 22 ga Yuli, bayan La'asar

Yau ban je makaranta ba. Na yafa mayafi, na ce, "Malam, na tafi," na buga ƙofa da ƙarfi, na maƙale a soro ina leƙe ta hudar labule.

Ya jira kamar minti goma. Sai ya janyo sandar da likita ya ba shi, wadda tun watan azumi yake ture ta duk lokacin da na miƙa. Ya yunƙura sau uku kafin ya miƙe. Ƙafar hagu ta taka, ta dama ta biyo tana jan ƙasa. Abin da na gani a toka kenan: sawu ɗaya, layi ɗaya, da ɗigon sanda.

Na ƙirga. Taku goma sha ɗaya.

Ya zauna a kan turmin da ke kife, yana haki. Ya sa hannun hagu ya tone gindin a hankali, kamar yadda yake shafa katako in ya gama gogewa. Ya zare mangwaron, bai tsinke saiwa ko ɗaya ba. Ya miƙa hannu ya kwantar da shi a gindin randa, inda ke da laima.

Na fito. Da ya gan ni bai firgita ba. Kunya ya ji.

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Malam, ashe kai ne. Na zargi ɗan mutane, na zargi maƙwabta. Don Allah ka gaya mini. Gidan nan, aro ne?"

Ya ce, "To."

"Kyauta ce?"

Ya ce, "To."

Ya buɗe baki ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, abin da ya fito dai shi ne. Sai na ɗauko wannan littafin na rubuta kalmomin biyu manya-manya, na ce ya nuna da yatsa. Na manta shi ajami ya iya, bai taɓa karanta boko ba. Shekara biyu ina wahalar koyon rubutu, ashe ba irin nasa na koya ba. Da Nafisat ta dawo ta rubuta masa da ajami. Ya daɗe yana kallo, ya juya takardar sama da ƙasa, sai ya kifa tafinsa a kan duka biyun. Likita ya faɗa mana dama, wani lokaci karatun ma tafiya yake tare da maganar.

Hawaye na bin gefen fuskarsa mai lafiya.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Nafisat ba ta ji komai a labarin ba sai taku goma sha ɗaya. Tana tsalle tana cewa, "Baba na tafiya! Baba, ashe ɓarawon namu kai ne? Umma, gobe ki dasa shi a bakin soro, jibi a ƙofar gida, kafin wata ya ƙare sai ya kai kansa masallaci." Malam ya yi wani sauti, ina jin dariya ce.

Ni ban yi ba. Mutumin da ya ƙi tashi don abinci, ya ƙi tashi don banɗaki, ya tashi don ya hana ni kafa itace. Me zai sa, in ba ya san ƙasar ba tamu ba ce?

Ko kuwa wurin ne bai yi masa ba? Shi kafinta ne, ya san yadda saiwa ke fasa daɓe da tushen gini. Lallen baya bai taɓa kula shi ba. Amma lallen ya fi taku goma sha ɗaya nisa.

Na wanke tsohon bokitin fenti, na huda gindinsa da ƙusa, na zuba ƙasa da taki, na sa mangwaron ciki. Malam na kallo. Ya ce, "Tooo," mai tsawo.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan La'asar

Na dawo na tarar da bokiti yadda na bar shi. Sanda ma tana inda na bar ta.

Nafisat ta ce, "Kin gani ko, Umma? Kin kwantar masa da hankali, kin kwantar masa da ƙafa."

Asabar, 26 ga Yuli, bayan Azahar

Sagir ya zo da dashen lalle uku, maimakon waɗanda suka bushe. Ya ga bokiti, ya ga rami a buɗe. Na ce ya zo soro ina da magana. Na faɗa masa duka, har da toka.

Ya ce, "Haba Inna! Ni? Ni da nake bin mutane ina roƙo su dasa, zan zo in tuge na Baffana?"

Na ce, "To me ya sa ka ce a tsakar gida muka sa shi?"

Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga.

"Inna, ba zan ɓoye miki ba. 'Yan'uwana sun matsa a raba gadon Alhaji bayan damina. An zo kan gidan nan an tsaya. Babu takarda, babu komai. Wasu sun ce Alhaji ya bar wa Baffa, wasu sun ce zama kawai ya ba shi. Da na ga kin sa alama a gidan kanku, kuma na ga itace a tsakar gida, sai na ce ashe Baffa ya gaya miki tun yana magana. Har na ji sanyi."

"Ka nuna musu takardar?"

"Ban nuna ba. Amma in aka rataya kati da sunan Baffa, za su gani. Akwai waɗanda za su ce an yi wayo ne da sunan dashe, kuma da hannuna a ciki."

Na ce to a fasa katin.

"In aka zo aka ga itace a bokiti, Hajiya ba za ta ba da kati ba, sai wanda ke ƙasa. Su kuma za su ce ai ga shi, ko Baffa ya san ba nasa ba ne." Ya mayar da gilashin. "Cikin shaidu Gwaggo Harira kaɗai ta rage. Na kira ta sau biyu, ba ta jin waya, sai ta yi ta tambayata ko matata ta haihu."

Da zai tafi ya durƙusa ya gai da Baffansa, ya daɗe riƙe da hannunsa. Na yarda da shi. Ina jin na yarda da shi. Amma ranar awo daga gidan nan suka fara.

Lahadi, 27 ga Yuli, da hantsi

Yaya Harira, da wasiƙa aka ce in fara littafin nan, ga shi ya zama wasiƙar. Na cire shafukan duka ban goge komai ba, har inda na yi zargin da bai kamata ba. Gobe zan kai tashar Kawo in ba direban Zariya. Ki sa Ilham jikarki ta karanta miki da ƙarfi a kunnen da ke ji. Lafiyar gida tana shafin farko, sai dai tarin Zahra'u ya warke.

Ban da Malam, ke kaɗai kika rage cikin waɗanda ke soro a ranar. Bayan Alhaji ya ce ku zauna, me ya ƙara? Aro ne ko kyauta? Kada ki tausaya mini, kada ki tausaya wa 'ya'yan Alhaji. Abin da kunnenki ya ji nake so. Kuma a rubuce nake so, ko da kalma ɗaya ce, ki dangwala yatsa a ƙasa. Na ga abin da baki ke yi in an bar masa ajiya.

Don Allah amsarki ta iso ni kafin Asabar biyu ga Agusta, da hantsi za su zo.

Idan kyauta ce, ramin na nan ban cike ba. Zan mayar da mangwaro a gaban ƙaninki in karanta masa takardarki, in ya sake tashi ya tuge, sai in matsar da shi gaba kaɗan, yadda Nafisat ta ce. Idan aro ne, bokitin yana da mariƙi.

Ya fitar da sabon ganye biyu, jajaye.

Na tambayi Malam ko in gaishe ki. Ya ce to.

Safara'u